Halwar Malam Usman

Shekara takwas ke nan da muka kai Malam Usman makwancinsa, kuma har yau idan aka ambace shi a Ƙofar Rini sai a ce bawan Allah ne da ya juya wa duniya baya. Ni nakan ja bakina in yi shiru, don idan na buɗe shi rigima za a yi. Abokina ne tun muna yara, shi ɗan gidan malamai, ni ɗan masu sayar da hatsi a Gawon Nama. Na san lokacin da yake dariya har rawaninsa ya kwance, saboda haka ba mai gaya mini cewa abin da ya same shi waliyyantaka ce. Ciwon damuwa ne.

A hankali abin ya shigo. Ya daina fitowa zaure cin tuwo da 'yan'uwa, ya daina karantarwa, barci ya ƙaurace masa. Da ƙyar na ja shi wurin likita. Likitan ya ba da magani, ya kuma ce maganin kaɗai ba zai isa ba: ya riƙa tafiya da ƙafa, rana ta taɓa jikinsa, ya ci abinci cikin mutane, kada a bar shi shi kaɗai.

Sai na ɗauki abin a kaina. Bayan sallar asuba in biya masa mu gangara fadama, inda ƙanena yake da lambun albasa. Da farko tsayuwa kawai yake yi kamar an dasa shi. Daga baya ya fara naɗe ƙafar wando yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin fangali. Ranar da ya ce mini yunwa yake ji, muka sayi ƙosai a hanya ya cinye har da nawa, na koma gida ina murna kamar an yi mini haihuwa.

Gidansu ba haka suka ga abin ba. Wani ya kai wa yayan Usman, Malam Sani, labarin an ga ɗan gidan da laka har gwiwa. Da na zo ɗaukarsa sai na tarar da Malam Sani a bakin zaure.

"Alhaji, ka bar wahalshe shi," in ji shi. "Halwa shikai. Kakanmu ma haka yay yi. Ba a tada wanda yak keɓe ga Allah."

Na ce mai halwa carbi yake ja, wannan kuwa bango yake kallo.

"Kai mi kas sani ga wanga sha'ani? Tahi ga awonka."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugunta suka yi ba, girmamawa ce. Aka hana yara hayaniya kusa da ɗakinsa. Baƙi a sallame su cikin ladabi, har da ni. Aka ajiye maganin likita, tunda mai halwa ba majinyaci ba ne. Abinci a ajiye masa a bakin ƙofa, idan kwano ya dawo yadda aka kai shi a ce azumi yake yi. Da damina ta kama zazzaɓi ya shigo, bai tarar da jikin da zai yi kokawa da shi ba.

Nakan ce da Usman zai leƙo yau, me zai gani? Rediyo na maganar ciwon damuwa ba kunya. Da sassafe manya da tumbinsu suna tattaki a Gidan Dahala wai don lafiya. Na san zai tsokane ni ya ce ashe mu muka fara. Amma zai lura, kamar yadda na lura, cewa duk wannan wayewar a bakin zaure take tsayawa.

Ya bar ɗa, Buhari, wanda ya gama jami'a bara. Watan jiya na ji ya daina fita, sai na je. Ɗakin nan ne dai na ubansa. Malam Sani, ya tsufa yanzu, ya tarbe ni fuska a sake.

"Ubanai yag gada, Alhaji. Allah ya yi muna baiwa."

Wannan karon ban tsaya neman izini ba, na wuce ciki. Na ƙwanƙwasa, na ce Buhari, ni ne, albasa ta fito a fadama, zo ka raka ni.

"Lahiya lau nike, Baba," ya ce daga ciki, da muryar ubansa.

Na daɗe ina tsaye, ƙofar ba ta buɗe ba. Na so a ce dariyar Usman ce ta saura, ko karatunsa, amma abin da gidan ya adana shi ne ɗakin da sunan da suka ba ciwonsa. Zan koma gobe, ko da yake na san yadda ta ƙare wancan karon. Kafin in fito na sunkuya na ɗaga murfin kwanon da ke bakin ƙofa. Tuwon ya huce, ko yatsa ba a sa ba.