Kurɓin Ruwan Kanal da Azumi a Baki

Laifin wayata ne. A cikinta na ga wata gasa da ake iyo, a fito a hau keke, a sauka a zura da gudu. Na ce ashe abin nawa ne! Keke kullum ina kansa daga Bunkure zuwa gonata ta tumatir, gudu kuwa awakin da ke yi mini ɓarna shaida ne. Iyo kaɗai ya rage, don nawa irin na kare ne, kai a sama, baki a wangale.

Wani mai koyar da iyo a wayar ya ce sirrin duk a numfashi yake: ka fesar da iska ta hanci a cikin ruwa, ka juya kai ka shaƙa, sau ɗaya dama, sau ɗaya hagu. Na fara gwaji a bahon wanki a tsakar gida. Matata ta tsaya da ludayi tana kallon ƙato da furfurarsa yana ɓulɓul.

"Maigida, in aljanu ne ka faɗa mini tun da wuri."

Azumi ya kama cikin tsananin zafi. Wata azahar na taso daga ban ruwa, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ga kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, cike yana tafiya a sanyaye. Na ce ai ni yanzu gwani ne, ko ɗigo ba zai shige ni ba. Na tuɓe riga na faɗa zan tsallaka.

Na juya dama, na shaƙa, lafiya lau. Na juya hagu. Abin da na manta, ruwan mutumin waya a tsaye yake, namu kuwa tafiya yake, kuma ta hagun yake zuwa. Ya cika mini baki, ƙwat, ya wuce.

Na fito ina tari. Ramuwar kwana ɗaya ce, ko kaffarar wata biyu a jere? Ni da talatin ɗin ma da kyar nake kaiwa! Na hau keke sai gidan kawuna, malamin Islamiyya. Na zayyana masa komai.

"Da gangan ka haɗiye?"

"Wallahi a'a, Allah gafarta Malam."

"To rawar jikin ta mece ce?"

Na sunkuyar da kai. "Kawu, daɗi ya yi mini. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba."

Ya yi dariya har da share hawaye. "Ruwan da shanu ke tsallakawa? Jin daɗi ba niyya ba ne. Ka kame bakinka zuwa magariba, bayan Sallah ka rama ɗaya."

Ramuwar ta faɗo ranar ban ruwa. Wuni na yi ruwan nan yana bi ta ƙafafuna, maƙwabta suna yanka kankana suna yi mini tayi, ni kuwa ina numfashi ta hanci, bakina a rufe gam.