Kazar Ɗorin Inna

Inna ba daga bisa ta faɗo ba. Dokin ƙofar ɗakinta ta zo tsallakewa da buta a hannu, ƙafa ta gurɗe, ƙashin ƙwauri ya karye. Da aka kira ni ina gidana a Tudun Wada cikin Gusau, abin da ya fara faɗo mini a rai ɓeraye ne, Allah Ya yafe mini.

Lokacin ina karatu na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje inda ake kiwon fararen ɓeraye. Wasu a yi musu allura su kamu da ciwon suga, wasu a bar su da lafiyarsu. Ni ke ba su abinci, ni ke share kejinsu. Daga ƙarshe a cire ƙashin cinyarsu a ɗora a kan na'ura, a danna har ya karye. Na masu lafiya sai ya yi gardama. Na masu suga kuwa, ƙas, kamar busasshen karan dawa, kuma in sun samu karaya ba sa haɗewa da wuri. Inna ta yi shekara da shekaru tana fama da suga.

Na isa ƙauyenmu Karakkai na tarar Baffa, ƙanen marigayi mahaifinmu, ya riga ya yanke magana. A cewarsa mai suga in ya shiga asibiti da karaya, da ƙafa ɗaya yake fitowa, ga hanyar Gusau ba lafiya. Har ya sa an ɗauko mai ɗori daga 'Yandoto.

Mai ɗorin ya ja ƙafar Inna, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya ce a kamo kaza. A gabanmu ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure ta da tsinke da tsumma.

"Ranar da kazar ga tat taka ƙasa ku kira ni," in ji shi. "Ran nan Hajiya za ta miƙe."

Na kasa haɗiye maganar. Na ce, "Baffa, ai kazar nan ba ta da suga."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi kika sani? Ke da anka kai boko kika ƙare da kiwon kusu!"

Aka yi dariya har da matan gida. Na ji haushi sosai, amma wa zai ɗaga muryarsa sama da ta Baffa a gidan nan?

Haka na zauna, gaba kura baya sayaki. Ba ni da ikon ɗaukar Inna, in kuma na koma Gusau ba mai tare mata. Maigidana ya yi ta kira har ya gaji, yara suna tambayar yaushe zan dawo. Duniyata ta koma ɗaki ɗaya mai warin man shanun da ake shafa wa ƙafar.

Kaza kuwa ta warke da wuri, kamar yadda na sani. Wata safiya na gan ta bayan rumbu ta dafa ƙafar tana tono. Na sure ta na kai ɗakin Inna, na kife ta da kwando. Duk wanda ya tambaya sai in ce saboda muzuru ne. Baffa kan leƙo ya ce, "Kaza hwa?" In ce tana samun sauƙi. Ƙafar Inna kuwa na nan a kumbure, ko zane ya taɓa ta sai ta cije leɓe.

Wata rana bayan la'asar Inna ta kira ni. "Ɗiyata, tun yaushe nika jin ta tana tona ƙasa. Ta warke."

"Inna, in Baffa ya gan ta tsayar da ke za su yi. Ƙashin bai kama ba."

"Na sani, jikina na." Ta kalli kwandon. "Ni na kwanta, ke kin baro ɗiyanki kin kwanta. Ita mi tay yi muna? Ɗage shi, ko guda cikinmu ta taka ƙasa."

Na roƙe ta, har kuka na yi. Ta ƙi. Na ɗage kwandon.

Kazar ta girgiza jiki, ta tsallake dokin ƙofar nan, ta fita tsakar gida ko ɗingishi babu. Ba a jima ba na ji muryar Baffa yana hamdala, yana cewa a miƙo masa waya ya kira mai ɗori. Inna ta lalubo hannuna ta riƙe gam. Tafinta sanyi ƙalau.