Yatsu Biyu Ƙarƙashin Ƙarfe

A wurin motsa jikin da nake zuwa akwai wani koci da ban san sunansa ba. Gajere ne, furfura ta fara cin gemunsa, hannunsa na hagu kuma ba ya miƙewa sosai, ga tsohon tabon ɗinki a gwiwar hannun. Ina zargin ya taɓa yi wa ƙarfe gaggawa, ƙarfen bai yafe masa ba.

Yau yana tsaye a kan wani magidanci mai tumbi da ke kwance a benci, yana roƙon a ƙara masa nauyi sosai.

"Koci, wata uku ina ɗaga abu ɗaya. Har matata ta fara yi mini dariya."

"Bar ta ta dara, yallaɓai. Kafaɗarka ce, ba tata ba."

Ya zura wa sandar da mutumin ke ɗagawa ƙananan faya-fayan ƙarfe biyu, ba su fi murfin kofi ba. "Sauke a hankali har na ƙirga huɗu, sannan ka tura."

A ɗagawa ta biyar sandar ta tsaya cak a saman ƙirjin mutumin. Jijiyar wuyansa ta fito. Ni kaina na daina taka keken motsa jikin da nake kai. Kocin bai kama sandar ba, yatsu biyu kawai ya sa a ƙarƙashinta.

"Tura, yallaɓai!"

Sandar ta hau. Mutumin na haki ya ce, "Ba don ka tallafa ba, da na shiga uku."

Kocin ya nuna masa yatsun. "Ko taɓa ta ban yi ba."

Sai a lokacin na saki numfashina.