Malam Soumaïla, Mai Tsayar Da Mu A Bakin Gangara

Kafin motocin bus su cika da ɗalibai, Malam Soumaïla ya riga ya ɗaga ƙofar ƙarfen shagonsa a Bron, a gefen birnin Lyon. Ya shiga da bismilla, ya rataye jakarsa a ƙusa, ya ɗora ruwan shayi. Sannan ya bi kekunan da suka kwana a shagon ɗaya bayan ɗaya: ya matsa birki, ya girgiza taya, ya ja sirdi, har waɗanda ya gama gyarawa jiya da hannunsa. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, “Jiya na gyara su, amma jiya a gajiye nake.”

Mutumin Maradi ne. Ya zo Faransa tun ba a haifi yawancinmu ba, ya yi aikin haɗa motoci kafin ya buɗe wannan ɗan ɗaki mai warin girisi da roba. A ƙarshen watan nan na shekarar 1998 zai rufe shi. Hannunsa ya fara rawa, ɗiyarsa kuma ta matsa sai ya koma wurinta a La Courneuve, a gefen Paris. Tun da na ji labarin gabana yake faɗuwa, kuma zan faɗi dalili.

Na cika idona da kunnena da labaran jarumai, na takarda da na baka, kuma duk don rashin tsoro ake yabonsu. Ni yau matsoraci zan yi wa jinjina. Samarin unguwa Baba Tsoro suke kiransa, a gabansa ma, shi kuwa ya amsa, “Na’am, ɗana.”

A farkon shekarun nan aka shigo da wata irin feda ta keken hawan dutse, wanda muke ce wa VTT. Ana ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙasan takalmi, kal sunansa. Ka taka feda, ta ce ƙas, ta kama shi. Daga nan ƙafarka da keke sun zama abu guda: dutse ba ya fisge maka ƙafa, hawa ya yi sauƙi. Amma ba ta sakinka sai ka murɗa dunduniya waje. In ka ja sama, yadda jiki ke yi in ya firgita, to kai da keken tare za ku tafi duk inda zai tafi.

Ranar da Malam ya fara riƙe ta a hannu, ya juya ta, ya ajiye, ya ce, “Wanga tarko ne, ba feda ba.” Ya ƙi sayarwa. Sai yara suka shiga sayo ta daga Paris suna ɗaurawa da kansu, suna dawowa da gwiwa a fashe.

Moutari, wanda ya fi kowa sauri a cikinmu masu hawan keke, ya kuma fi kowa baki, shi ya gan shi wata safiya a ciyawar filin shaƙatawa na Parilly. Dattijo mai furfura, takalmin tsere ƙarƙashin wandon aiki, ya tuƙa kaɗan, ya tsaya, ya kife gefe kamar buhun gero. Ya tashi ya karkaɗe jiki, ya sake hawa, ya sake kifewa.

“Na ce, Baba, lafiya? Ko dai tsufan ne ya zo da wasa?” in ji Moutari. “Ya ce mini, ‘Wuce ka ba ni wuri. In zan ɗaura wa ɗan mutane abu, sai na san yadda yake kada mutum.’”

Kai ne, Malam, ka mai da sayen feda abin da ake shirya wa kamar tafiya. Yaro ya zo maka da hoton mujalla yana son mai ƙyalli, ka ture hoton ka ɗauko masa mai fuska biyu, wadda ta kowane gefe aka taka za ta kama, mai buɗaɗɗen ciki don laka ta sami hanyar fita. Kai ne ke sassauta ɗan sukurun da ke riƙe ƙarfin kamun har ƙarshe, ka ce a ƙara matsewa in ƙafa ta koya. Kai ne ke mai da takalmi cikin kwali in dunduniya tana wasa a ciki, ko da mai shi ya rantse daidai ne. Sannan ka tsai da mutum a bakin ƙofa, hannunsa a jikin katako, ya sa ya cire, ya sa ya cire, har gumi ya keto masa, masu wucewa suna kallo. Bayan nan ka kai shi ciyawa ka ce ya faɗi da gangan. Da yawa sun yi fushi sun tafi wani shago. Ba ka taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Yanzu ga dalilin da gabana ke faɗuwa. Sunanta Raliatou. A unguwar Quatre-Mille ta La Courneuve aka haife ta, karatu ya kawo ta Bron, ita ce kuma wadda manyana suka riga suka je gaisuwa gidansu. Tana son hawan dutse da keke yadda wasu ke son kiɗa. Da mahaifiyarta, Hajiya Zouera, ta ji irin fedar da ɗiyarta ta sa, ba ta yi waya ba. Jirgin ƙasa ta hau ta zo Lyon.

Ina shagon ranar, ni da Raliatou. An gaisa, an tambayi gida da gajiya da mutanen Paris, sannan Hajiya ta gyara mayafi.

“Malam, an ce mini kai ne ke ɗaure ƙafafun yara a jikin ƙarfe ka sake su daga kan dutse.”

“Ni ne, Hajiya.”

“Kai ba ka tsoron Allah?”

“Ina tsoronsa, Hajiya. Ina tsoron dutsen, ina tsoron fedar, ɗiyar taki ma tsoronta nake, don ba ta jin magana.”

“Tonton!” in ji Raliatou, don haka take kiransa, wato kawu. “Ça va, ya isa, kada ka ƙara mini!”

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon takalmin da ke hannunsa. “Ita kaɗai gare ni,” ta ce. “In na hana ta, a ɓoye za ta yi, halin ubanta ta ɗauko. Ga ta nan, amana. Da ƙafarta na kawo ta garin nan, da ƙafarta nake son ta.”

Daga wannan rana, Lahadi ta daina zama hutunsa. Duk inda muka nufa, tsohuwar motarsa ta kaya tana bin titi a bayanmu da ruwa da akwatin aiki, ta jira mu inda hanyarmu ta ratsa kwalta.

Bara da kaka, bayan an yi ruwa, muka hau tsaunukan da ke bayan ƙauyen Yzeron. Akwai wata gangara can da kowa ke jin kunyar ya ce yana tsoro. Siririya ce, kuma a tsakiyarta akwai kwana inda dole mai keke ya cire ƙafar hagu ya dafa dutse da ita, ya juya. Ta dama babu komai. Kawunan itatuwa kake hangowa ƙasa da ƙafarka.

Azahar ta same mu a bakin wani rafi, sama kaɗan da gangarar. Muka cire takalma, muka yi alwala, muka shimfiɗa rigunan ruwa muka yi salla. Bakin rafin jar laka ce mai danƙo. Da aka sallame, kowa ya mai da takalmi yadda muka saba a ƙofar masallaci: a tsaye, a tura ƙafa, a ja igiya rabi da rabi, a wuce. Hadari yana haɗuwa, Moutari yana ihu, “Allez, allez, mu tafi, ruwa zai kama mu!”

Muna isa bakin gangarar muka tarar da Malam a tsakiyar hanya, ya buɗe hannuwa.

“Kowa ya cire ƙafa in gani.”

“Haba Baba Tsoro!” in ji Moutari. “Mun yi da safe! Dubi sama mana!”

“Na gani. Ku cire.”

“To mi ya faru?”

“Ban sani ba. Gabana ne ke faɗuwa.”

“Gabanka kullum faɗuwa yake, har yanzu bai kai ƙasa ba?”

Aka yi dariya. Raliatou ce a gaba, tana dariyar ita ma. Ta matso a hankali, ta kama birki, ta murɗa dunduniyar hagu. Shiru. Ta sake murɗawa da ƙarfi. Na ga ƙafarta ta juya cikin takalmin, takalmin bai motsa ba. Keken ya tsaya cak, ya yi ɗan jinkiri, ya kwanta da ita a ciyawa.

Dariya ta ƙaru. Amma tana kwance tana fisga, fedar ba ta sake ta ba. Sai da ta zare ƙafarta daga ciki, ta bar takalmin yana lilo a jikin keke. A nan dariyar ta mutu. Duk muka juya muka kalli hanyar da ta gangara, da inda ta ɓace a kwanar nan. Ni na zauna a ƙasa. Abin da idona ya nuna mini a lokacin ba zan rubuta shi ba.

Malam ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya ɓamɓaro takalmin, ya kifa shi. Laka ta cika ramin kal ta daskare, ga ƙananan tsakuwa sun maƙale a gefe. Da ta taka da ƙarfi ya shiga, fita ce babu. Ya karyi tsinke yana ƙwaƙulewa. Moutari ya duba nasa ba tare da an ce masa ba. Ya nemi tsinke shi ma.

“Salla ba ta da laifi,” in ji Malam. “Gaggawarmu ce. Ɗiyata, shiga mota.”

“Tonton, in na shiga motar nan yau, ba zan sake hawa keke ba. Na san kaina.”

Ya kalle ta, ya kalli sama. Ya sa ta zauna ta ɗaure igiya tun daga rami na farko, ya kama dunduniyar ya ja ya ji ba ta wasa. Ya sa ta sa ta cire, hagu da dama, yana sauraron ƙarar. Sannan ya ce kowa ya tsaya sai ya kira, ya kama gangarar da ƙafa.

Wannan mutum ko tsani ba ya hawa sai an riƙe masa. Mun gan shi yana sauka a karkace, yana kama saiwoyi, har ya kai kwanar. Ba ta gefen dutse ya tsaya ba. Ta dama ya tsaya, a bakin ramin, bayansa ga iska, ya buɗe hannuwa.

Kai ne, Malam, ka sa jikinka inda babu shinge. Ka san in ta taho da nauyinta ba za ka iya tare ta ba, tare za ku tafi. Ka tsaya duk da haka, ka ɗaga murya tana rawa, “Taho!”

Ta tafi. Ina jin tsakuwa tana tsalle ƙarƙashin tayarta, ina jin yayyafi ya fara a wuyana, duk addu’ar da na sani ta tsere mini sai sunan Allah kaɗai. Ta isa kwanar, ta rage gudu. Daga inda nake na ji ƙas. Ƙafarta ta sauka a kan dutse. Ta juya, ta wuce ta gabansa, ta mai da ƙafa, ta ɓace cikin itatuwa. Bai bar wurin ba sai da na ƙarshenmu ya wuce. Da rarrafe ya hau ya koma motarsa.

A Yzeron ya nemi ɗakin waya ya kira La Courneuve. Mun roƙe shi ya yi shiru, ya ƙi. Ya gaya wa Hajiya komai, har kwanar, har ramin. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

“Tana tsaye?”

“Tana tsaye, Hajiya.”

“To ba ni ita in zage ta.”

Malam Soumaïla, mai tsoro domin ’ya’yan mutane, mun gode. Mun gode da tsayuwar da ka sa mu a bakin ƙofa, da faɗuwar ciyawa, da zagin da ka haɗiye kana murmushi. Allah ya ba hannunka lafiya, ya sa La Courneuve ta karɓe ka da alheri, ya saka maka da abin da mu ba mu da shi.

Ku kuma ’yan’uwa masu keke, na Lyon da na Paris, ba zan ɓoye muku ba, a tsorace nake. Lahadi za ta zo, motarsa ba ta bayanmu, Raliatou kuwa ba za ta bar dutse ba, ni ma ba zan ce ta bari ba. Kada bakin gangara ya zauna babu kowa. Wani ya tsaya ya tare hanya. In kun yi salla a daji, ku zauna ku ɗaure takalmi, ku kifa shi ku duba, ku ji ƙarar da kunnenku kafin ku sake birki, ko da ruwa zai jiƙa ku. Akwai wata uwa a wani bene a Paris da ke zama kusa da waya duk yammacin Lahadi. Tambaya ɗaya gare ta, kuma yanzu mu ne za mu amsa.