Dawuda Masassaƙi da Kaɗanyar Rifkatu

Mutanen Kpakungu sukan ce marigayi Dawuda masassaƙi ya fi jin maganar itace da ta mutum, wai idan ya sassaƙa ganye a jikin ƙofa har jira kake iska ta kaɗa shi.

Haihuwa da ilimi

An haife shi a shekarar 1951 a Chanchaga, sunan mahaifinsa Irimiya, manomi, mahaifiyarsa kuma Kyauta. Tun yana ƙarami yake zana kifin kogi da ganyen ɗorawa a bayan ƙwarya. Karatu kuwa bai same shi ba sai a ajin yaƙi da jahilci, a 1983.

Sana'a da aure

A 1974 ya kafa rumfar sassaƙa a Kpakungu, a 1977 ya auri Patricia. Al'adarsa ita ce ba ya ɗaukar gizago sai ya wuni yana nazarin ganyen da zai kwaikwaya.

A 1988 aka ba shi aikin ƙofar wata majami'a a Ketaren Gwari. Saboda neman itace mai ƙarko, ya sare kaɗanyar gonar gidansu, alhali manoman yankin ba sa sare kaɗanya, balle wannan da yayarsa Rifkatu ta gada daga mahaifiyarsu, tana ciyar da 'ya'yanta da kuɗin man kaɗen. Ƙofar ta yi suna ƙwarai. Rifkatu kuwa, da ke ibada a wannan majami'ar, shekara talatin da biyar ta ƙofar gefe take shiga.

Shekarun ƙarshe

Daga 2003 ya daina aiki da ɗanyen itace, sai wanda ya faɗi da kansa. A shekarar ce ya shuka kaɗanya goma a gurbin waccan, uku suka rayu, ya yi ta kula da su cikin natsuwa, yana koyar da sana'arsa.

Rasuwa

Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 2023, aka binne shi a Chanchaga. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Caleb, Hadassah da Josiah.

Iyalinsa sun shaida cewa mako guda kafin rasuwar ya sa aka kai shi gidan Rifkatu da ƙwarya cike da 'ya'yan farko na itatuwan kaɗanyar da ya shuka, ya ajiye a gabanta, ta karɓa da hannu biyu, sannan ya ce: "Yaya, na sare miki kaɗanya ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."