Mai Sauraron Bulo

A tashar motar Thai Nguyen, a ƙasar Vietnam, wani dattijo yana zaune a bencin Luyen mai shayi, duk ya rame, hoton ƙirji na asibiti naɗe a hammatarsa. Kafin ya kurɓa, sai ya ƙwanƙwasa kofin tangaran da farce, ya kara kunne.

Luyen ba ta san shi ba, amma ta san ɗabi'ar. Haka masu tantance bulon silika suke yi, bulon garin farin dutse da ake gina tanderun masana'antar ƙarfe da shi. Lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Wuta ba ta cin bulon, ƙurarsa ce ke cin mutum.

"Ƙanwata, kofin nan ya tsage."

"Haba Yaya, shekara uku yana mini aiki."

"Na ciki ne, ido ba ya gani."

Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa da yatsu biyu, ya yi shiru yana saurare.

Luyen ta kau da kai. Mijinta ma bana ya fara ƙwanƙwasa kofi.