Samaniyar Tsakar Gida

Mai Hoto ake ce masa a unguwa, don ƙuruciyarsa duk a asibiti ta ƙare, wajen ɗaukar hoton ƙirji da karyayyen ƙashi. Da ya yi ritaya sai ya juya kyamara sama. Ya kafa na'urar hangen nesa a saman bene, ya shiga farautar hazon taurari, irin wanda ido ba ya gani sai an bar kyamara ta daɗe tana shan haske.

Da rana aikinsa yake farawa. Bayan la'asar zai buɗe kwamfuta, manhajar taurari ta shimfiɗa masa samaniyar daren da bai zo ba tukuna. Ya tura lokaci gaba, ya ga inda wata zai tsaya, ya zaɓi abin da zai ɗauka. Shi da kansa ya saka wa manhajar hoton kewayen benen: tankin maƙwabci, kan bishiyar mangwaro, da fitilar titi da ya tsana kamar ciwon haƙori. Saboda haka ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Sai ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya tashi, Allah Ya yi da sauran kwana, amma likita ya raba shi da matakala. Matarsa ta sa aka sauko da na'urar tsakar gida. Manhajar ta nuna masa wani hazo ja can kudu, ya saita, na'urar ta juya a hankali ta ƙura wa bangon kicin ido. Washegari ma haka. Ya rufe kwamfutar.

"A nemo mai saye," ya ce. "Sama ta gama da ni."

Matarsa ta san abin da hakan ke nufi. Tun da ya dawo daga asibiti, wannan kwamfutar kaɗai ke fito da shi daga ɗaki.

"Malam, ita abar nan ta san ka sauko?"

"Wace aba?"

"Mai nuna maka taurarin. Ni dai har yanzu tankin maƙwabci nake gani a ciki. Kai kana ƙasa, ka bar baiwar Allah a sama tana shan iska."

Hoton benen bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Ita ta riƙe waya ta tsaya inda na'urar take, tana juyawa tana ɗaukar hoton kewayen tsakar gidan, shi kuma yana ba da umarni daga kujera. "A hankali, Hajiya, ba rawa na ce ki yi ba."

"Da ka ce ma, wa zai yi maka?"

Da sabon hoton ya shiga, bango ya cinye kudu da yamma. Abin da ya rage ɗan fili ne a tsakiya, bai fi faɗin tabarma ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tura lokaci gaba da yatsan hannunsa mai lafiya, sai ga Kaza da 'Ya'yanta sun ratso filin, tarin taurarin da a da yake cewa na 'yan koyo ne. Bai taɓa ɗaukar shuɗin hazon da ke lulluɓe da su ba.

"Igiyar shanyarki za ta shiga hoton," ya ce.

"To, mai sayen fa?"

"Ki dai kwance igiyar."